Yaya ajiyar iskar gas ke ƙaruwa alhali kullum ana ɗiba? Batun jihar Pensilbaniya

Baban_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masana harkar mai da gas. Alƙaluman EIA, hukumar da ke tattara bayanan makamashi a Amurka, sun nuna cewa a 2008 tabbatacciyar ajiyar iskar gas ta jihar Pensilbaniya da ke can ba ta kai tiriliyan 4 na kubik fit (ma'aunin da ake auna yawan gas da shi) ba. Zuwa 2018 ta haura tiriliyan 100. A tsakanin nan kuma ba su daina haƙowa suna sayarwa ba, ƙara yawan abin da suke fitarwa ma suka yi. Ni dai a sanina abin da ake ɗiba raguwa yake yi. To ta ina ƙarin ya fito? Ko dai kamfanoni ne ke kumbura lissafi don su jawo masu zuba jari?

Bagobiri77:
Wa alaikumus salam. Ai amsar na cikin tambayarka, Baban Hanan. Kamfani ne ke ba da adadin, kamfanin kuma hannun jari yake son sayarwa. Ninki ashirin da biyar cikin shekara goma? Ni ban yarda ba.

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baban Hanan, tambayar mai kyau ce, kuma ba kai kaɗai take ruɗawa ba. Idan aka ce tabbatacciyar ajiya, ba ana nufin duk gas ɗin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ne. Ana nufin wanda aka haƙa rijiyoyi aka tabbatar yana nan, kuma ana da yaƙinin za a iya fito da shi a sayar a ci riba, da kayan aikin da ake da su yau, a kan farashin yau. A wajen masu lissafin, yaƙinin nan sai ya kai kashi 90 cikin 100.

Ka ɗauki rijiya mai gaba ashirin, igiyarka kuma gaba goma ce. Ruwan yana nan, amma ba za ka lissafa shi cikin ruwan gidanka ba. Ranar da ka samu doguwar igiya, ruwan gidanka ya ƙaru ba tare da ɗigo ɗaya ya ƙaru a rijiyar ba. Abin da ya faru a Pensilbaniya ke nan.

Ɗalibar_Samaru:
Baba Injiniya ya faɗi gaskiya, bari in ƙara da abin da muka karanta a aji. Gas ɗin yana cikin wani shimfiɗaɗɗen dutse ne da ake kira Marcellus, wanda asalinsa laka ce ta ƙasan teku da ta daskare shekaru kusan miliyan 390 da suka wuce. Ya ratsa ƙarƙashin Pensilbaniya da West Virginia da Ohio da New York. Masu haƙa sun daɗe da sanin akwai gas a cikinsa, don sukan ci karo da shi in suna wucewa zuwa duwatsun da ke ƙasa da shi. Matsalar ita ce dutsen a matse yake, gas ba ya iya ratsa shi ya gangaro cikin rijiya. Ka haƙa, ya ɗan huro, ya tsaya.

Abu biyu suka haɗu suka canza lamarin. Na farko, haƙa a kwance: a nutsa ƙasa fiye da kilomita ɗaya da rabi, sannan a karkata bakin injin ya bi cikin dutsen a kwance, tafiya mai nisa. Na biyu, a tura ruwa da yashi da wasu sinadarai da ƙarfin gaske su tsattsage dutsen, yashin ya maƙale a tsagar ya hana ta rufewa. Kamfanin George Mitchell ne ya fara cin nasarar fasa irin wannan dutse a Barnett ta jihar Texas a ƙarshen shekarun 1990. A 2004 kamfanin Range Resources ya gwada dabarar a wata rijiya mai suna Renz a gundumar Washington ta Pensilbaniya, ta ba da gas. Daga nan aka fara.

Bagobiri77:
Na ji, malama. Amma har yanzu ba ku taɓa maganata ba. Wa ke duba abin da kamfanin ya rubuta?

Mai_Lissafi_Kano:
Bagobiri, shakkarka ba a banza take ba, don an taɓa yi. A Janairun 2004 kamfanin Shell ya fito ya ce ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin biyar na tabbatacciyar ajiyar da yake iƙirari, kwatankwacin ganga biliyan 3.9, kuma kaso mai tsoka na abin da aka zaftare a Najeriya yake. Shugaban kamfanin ya rasa kujerarsa, hukumomin Amurka da Birtaniya suka ci su tara.

To amma wannan ma ya nuna akwai masu sa ido. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari a Amurka tana da ƙa'idoji. Tun ƙarshen 2009, farashin da za ka yi lissafi da shi shi ne matsakaicin farashin ranar farko ta kowane wata na watanni goma sha biyun shekarar, ba wanda ka ga dama ba. Kuma wurin da ba ka riga ka haƙa ba, ba za ka sa shi a lissafi ba sai kana da tsarin haƙa shi cikin shekara biyar. In shekara biyar ta cika ba ka haƙa ba, sai ka cire shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena kuma ita ce abin da ya fito a zahiri. A 2008 abin da jihar ta fitar duk shekara bai wuce biliyan 200 na kubik fit ba. Zuwa 2021 ta haura tiriliyan 7 a shekara, ta zama ta biyu a Amurka bayan Texas. Wato a shekara guda tana fitar da kusan ninki biyu na duk ajiyar da aka rubuta mata a 2008. Ana iya ƙarya a takarda, amma gas ɗin da ya bi bututu aka auna aka biya kuɗinsa ba ya ƙaryatuwa.

Baban_Hanan:
Allah ya saka da alheri, na fara ganewa. Amma in haka ne, adadin zai iya sauka ke nan ko da gas ɗin bai je ko'ina ba?

Mai_Lissafi_Kano:
Ƙwarai kuwa, kuma yana yi. A 2015 da farashi ya karye daga sama da dala 4 zuwa ƙasa da dala 3, ajiyar Amurka baki ɗaya ta sauka daga kusan tiriliyan 389 zuwa 324. Ita ma Pensilbaniya tata ta ɗan ja baya a shekarar. A 2022, shekarar da yaƙin Yukren ya ɗaga farashi, ta ƙasar ta kai tiriliyan 691, shekarar da ta biyo baya da farashi ya sauko ta dawo wajen 604.

Bahaushen_Pittsburgh:
Salam 'yan uwa. Ni a jihar nake zaune, don haka bari in faɗi abin da alƙaluma ba sa nunawa. Gaskiya ne gas ya yi arha, kuma a garin da sanyi ke kashe mutum in babu ɗumama ɗaki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma in ka fita ƙauyukan kudu maso yammacin jihar za ka ga manyan motocin ɗaukar ruwa da yashi sun cinye hanyoyi, ga ƙarar injuna dare da rana lokacin da ake haƙa.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne a nan mai gona yana iya mallakar abin da ke ƙarƙashin gonarsa. Kamfani zai zo ya yi haya da kai, ya ba ka kuɗin sa hannu, sannan ya riƙa biyanka kaso daga gas ɗin. Dokar jihar ta 1979 ta ce kason kada ya gaza ɗaya bisa takwas. Akwai wani dattijo da muke aiki tare, gonar gadonsu na cikin hayar wani kamfani. Ya ce min shekarun farko kuɗin sun rufa musu asiri sosai, daga baya kamfanin ya fara cire kuɗin tacewa da na tura gas a bututu daga kasonsu, har abin da ke zuwa hannu ya zama ɗan kaɗan. Irin wannan ƙorafi ya yi yawa a jihar, har kotu an sha zuwa a kai.

Hajiya_Damagaram:
Ina gaishe ku duka. Ni tambayata daban ce. Wannan gas da kuke lissafawa da tiriliyan, shi ne wanda muke cikawa a tukunya muna girki? Don mu nan Damagaram daga matatar SORAZ namu yake fitowa.

Ɗalibar_Samaru:
A'a Hajiya, 'yan uwan juna ne amma ba ɗaya ba ne. Na tukunyar girki butan ne da furofan, waɗanda in an matsa su kaɗan sai su zama ruwa su zauna a tukunya. Ana samunsu wajen tace ɗanyen mai, kamar yadda SORAZ ke yi da man rijiyoyin Agadem na Nijar, ana kuma tsamo su daga cikin iskar gas. Wanda ake magana a nan yawancinsa mitan ne, shi kuwa sai ta bututu, ko a sanyaya shi ƙwarai ya zama ruwa a loda a jirgin ruwa kamar yadda ake yi a tashar gas ta Bonny a jihar Ribas.

Hajiya_Damagaram:
Na gode 'yata, Allah ya yi albarka.

Yaya_Gombawa:
Ku yi haƙuri in karkatar da zancen gida. Hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai da gas a Najeriya ta ce ajiyar gas ta Najeriya a farkon 2025 tiriliyan 210.54 ce. Ashe mun ninka wannan jiha da ake ta yabo sau biyu. Me ya sa mu ba a yi mana irin wannan kirari?

Tsohon_Injiniya:
Ɗan'uwana na Gombe, akwai gyara a nan. Adadin da NUPRC ke sanarwa haɗin biyu ne: tabbatacce da kuma wanda ake kyautata zaton samu, abin da ake rubutawa 2P. A irin wannan lissafi yaƙinin kashi 50 ne, ba 90 ba. Na EIA kuwa tabbataccen ne kaɗai. Don haka ba a jera su kafaɗa da kafaɗa.

Sannan ka dubi tafiyar adadin namu. Farkon 2021 tiriliyan 206.53, farkon 2024 tiriliyan 209.26, farkon 2025 tiriliyan 210.54. Yana motsi, amma da ƙyar. Dalilin a ganina shi ne shekara da shekaru ba gas muke nema ba, mai muke nema. Lokacin da nake aiki a yankin Neja Delta, in aka haƙa rijiya ta ba da gas zalla, ba murna ake yi ba, toshe ta ake yi a matsa gaba, don babu mai saye, babu bututun kai shi. Wanda ya fito tare da mai kuwa a cinna masa wuta. Na kwana a wuraren da ba ka buƙatar fitila da dare saboda harshen wutar, mutanen ƙauyen kuma suna shaƙar hayaƙin. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kusan rabin adadin farkon 2025 ɗin, tiriliyan 101, irin wannan gas ne da ke tare da mai.

Bagobiri77:
To ai shi ke nan, mu da NUPRC ta ce a 2025 namu zai kai shekara 93 bai ƙare ba, su kuma in ka raba 100 da 7 shekara goma sha huɗu ke nan. Wa ya fi wani?

Mai_Lissafi_Kano:
Wannan rabawar tana yaudara, Bagobiri. Shekara goma sha huɗun ba ranar ƙarewa ba ce, don duk shekara suna haƙa sabbin rijiyoyi suna mayar da abin da suka ɗiba, wani lokaci har da ƙari. Ƙa'idar shekara biyar da na ambata ita ke hana su rubuta abin da ya yi nisa. Namu shekara 93 kuwa abin da take nunawa shi ne muna fitar da kaɗan. Jiha guda tana fitar da kusan ninki uku na abin da Najeriya duka ke fitarwa. Ni wannan bai zame min abin alfahari ba.

Malam_Na_Sharaɗa:
Mai Lissafi, ka taɓa inda yake min ciwo. Ƙaramar masana'antar roba nake gudanarwa, kuma abin da ke cinye mu dizal ne. Ka zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai ka ƙirga ƙofofin da ke rufe, ka je Kakuri a Kaduna ka ga abin da ya rage na masaƙu. Tun 2020 da aka ƙaddamar da aikin bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, muke zuba ido, an sha sa rana ana ɗagawa. Ni ko tiriliyan dubu aka ce muna da shi, in bai iso bakin injina ba, bai amfane ni da komai ba. Ma'aikatana magidanta ne, duk wata sai na yi tunanin wa zan iya riƙewa.

Bahaushen_Pittsburgh:
Malam na Sharaɗa, Allah ya kawo sauƙi. Maganar bututu ko a nan ita ce babbar magana. Pensilbaniya ta yi sa'a ne don tana kusa da manyan biranen gabas, kuma akwai tsofaffin bututu da suka ratsa ta tun da daɗewa. Ai a jihar ne Edwin Drake ya haƙa rijiyar mansa a Titusville a 1859, sun saba da harkar. Duk da haka, yanzu abin da ya tsayar da ƙaruwar fitarwarsu ba ƙarancin gas ba ne, ƙarancin hanyar fitar da shi ne. Akwai bututun Constitution da aka so a ja zuwa New York, jihar ta hana izinin ratsa ruwayenta a 2016, masu aikin suka haƙura a 2020.

Ɗalibar_Samaru:
Kuma New York ɗin nan misali ce mai kyau ga tambayar Baban Hanan ta farko. Dutsen Marcellus bai tsaya a kan iyaka ba, ya shiga cikinta. Amma a ƙarshen 2014 gwamnatin jihar ta sanar da haramta wannan hanyar fasa dutse saboda lafiyar jama'a. Sakamakon haka gundumar Susquehanna da ke ɓangaren Pensilbaniya tana cikin mafi yawan gas a ƙasar, 'yan kilomita kaɗan arewa kuma dutse ɗaya ne amma ba a lissafa shi a ajiya. Haka filin Groningen na ƙasar Holan, wanda aka gano a 1959. Girgizar ƙasa ta riƙa tsattsaga gidajen mutane saboda ɗibar gas, gwamnati ta tsayar da aiki a 2023, ta rufe shi gaba ɗaya a 2024. Akwai sauran gas mai yawa a ciki, amma ya fita daga lissafi.

Ummu_Sadiq:
Ina bin zancen tun farko, kuma ni ina ganin mutanen New York ba su yi wauta ba. A Susquehanna ɗin da aka ambata akwai ƙauyen Dimock, inda a ranar farko ta 2009 rijiyar ruwan wani gida ta fashe saboda gas da ya taru a ciki. Gidaje da dama suka daina shan ruwan rijiyoyinsu tsawon shekaru. Sai a 2022 kamfanin da ke haƙar gas a wurin ya amince a gaban kotu zai biya kuɗin jawo musu ruwan famfo. Shekara goma sha uku uwa tana sayen ruwan wanka wa 'ya'yanta. Duk lokacin da aka ce ajiya ta ƙaru, a riƙa tambaya ruwan wa ya lalace.

Tsohon_Injiniya:
Ummu Sadiq, maganarki gaskiya ce kuma ba na jayayya da ita. Abin da zan ƙara shi ne yawancin irin wannan matsala daga rashin kyan simintin da ake zubawa a jikin rijiya take zuwa, gas ya samu hanya ya hau zuwa inda ruwan sha yake. Aiki ne da ake iya yi da kyau in akwai mai dubawa da ba a saye shi.

Ummu_Sadiq:
In akwai, Baba. Ka faɗa da bakinka abin da ka gani a Neja Delta.

Yaya_Gombawa:
Na karɓi gyaran 2P. To Kolmani fa? A Nuwamban 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo da kansa kan iyakar Bauchi da Gombe, aka ce akwai ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1 da gas biliyan 500 na kubik fit. Wannan a wane aji yake?

Mai_Lissafi_Kano:
A ma'aunin da Baba Injiniya ya bayar, ganowa mataki ne na farko. Kafin a kira abu tabbatacce sai an haƙa rijiyoyin tantance faɗin filin, an gwada yawan abin da rijiya ke bayarwa, an amince da tsarin aiki da kuɗinsa, an san ta inda za a kai shi kasuwa. Ka lura kuma biliyan 500 rabin tiriliyan ɗaya ne. Ba raina shi nake ba, zai iya riƙe tashar lantarki da kamfanin taki shekaru masu yawa, kuma ga arewa maso gabas wannan babban abu ne.

Ko a Marcellus ma hasashe ya sha bamban da tabbaci. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta ƙiyasta a 2002 cewa abin da za a iya samu a dutsen bai kai tiriliyan 2 ba. A 2011 ta ce 84. EIA kuma ta taɓa cewa 410, shekara guda bayan nan ta dawo 141. Duk masana ne, duk dutse ɗaya suke kallo.

Baban_Hanan:
To in na haɗa abin da kuka faɗa, da za a kammala AKK a samu masu saye a Kaduna da Kano, adadin ajiyarmu ma zai iya tashi ko ba a gano sabon fili ba?

Tsohon_Injiniya:
Zai iya, don rijiyoyin da aka toshe a da za su samu dalilin buɗewa. Amma da sharaɗi: mai saye ya riƙa biya. Kamfanonin gas sun daɗe suna kuka kan bashin da tashoshin lantarki ke riƙe musu, kuma babu wanda zai zuba dala miliyoyi a rami don ya sayar bashi. Shi ya sa gas ɗinmu ya fi son hanyar Bonny, inda ake lodi tun 1999 ana biya da dala.

Bagobiri77:
Na yarda gas ɗin Pensilbaniya gaskiya ne tunda an fitar an sayar. Amma a kan namu ina nan a kan bakata. A fito mana da tabbataccen shi kaɗai, fili bayan fili, kamar yadda EIA ke wallafa na kowace jiha duk shekara, kowa ya gani.

Malam_Na_Sharaɗa:
Kuma a haɗa da farashin da za a sayar mana in ya iso Kano. Mu masu masana'antu sai mun canza injuna kafin mu iya amfani da shi, kuma ba wanda zai ci bashin banki ya sayi injin gas bai san nawa za a ce masa ba.